Makullin Wayar Yaya

Ran sadakar uku, bayan masu gaisuwa sun fara raguwa, Inna ta aiko a kira ni ɗakinta. Na same ta bisa tabarma, carbi a hannu. Ta ɗaga gefen filo ta ciro wata waya naɗe cikin ƙyalle, ta miƙo mini. Tun kafin in warware na gane ta, don ni na zaɓo wa Yaya ita a Sakkwato shekara guda kafin nan, ni kuma na liƙa mata gilashin kariyar da yanzu ya tsage ta kusurwa.

Ta ce, "Auta, kai ka buɗe ma mutane wayoyinsu. To ga ta ɗan'uwanka, buɗe muna. Ba ni son shi kwan da haƙƙin kowa bisa kai nai."

Na danna madannin gefe. Fuskar wayar ta yi haske, ɗigo tara suka bayyana, uku-uku a jere, suna jiran zanen da yatsan mai ita ya saba ja. Na ce mata to, na fito. Ban iya gaya mata a lokacin ba cewa duk abin da na koya cikin shekara bakwai, wanda ya sa ake nuna ni a unguwa, ba zai buɗe wannan wayar ba sai dai ya share abin da take nema a ciki.

Wayata ta farko mai Android na same ta a 2014. Ƙaramar aba ce mai ma'ajiyar giga huɗu, kuma kusan rabin wurin kamfani ya riga ya cika shi da manhajojin da ban nema ba, ba na amfani da su, ba kuma a ba ni ikon goge su ba. Duk sanda na so ajiye wani abu sai ta ce wuri ya cika. Abin ya tsaya mini a rai: na sayi ɗaki da kuɗina, na tarar da kayan wani jibge a ciki, an kuma ce kada in taɓa. Wani abokin karatuna ya nuna mini KingRoot, manhajar da a wancan zamani dannawa ɗaya take buƙata ta yi wa waya abin da ake kira rutin. Android an gina shi ne kan Linux, kuma a tsarin Linux akwai babban mai iko guda wanda babu fayil ɗin da ya fi ƙarfinsa. Kamfani yakan sayar maka da waya ya riƙe wannan matsayi, ya bar ka a matsayin baƙo mai 'yancin zama a zaure. Rutin shi ne ka ƙwace rawanin maigidan ka naɗa wa kanka. Daren da na yi wa tawa, na goge manhaja goma sha ɗaya, na kwanta ina jin kamar na ci yaƙi.

Daga nan abin ya zama sana'a. Lokacin hutu daga kwalejin kimiyya da fasaha ta Sakkwato nakan tafi Kano, kasuwar waya ta Farm Centre, in zauna a shagon wani Bayarabe da ya karɓe ni don kawai ya ga zanen fuskata. Tsakanin Gobirawa da Yarbawa akwai taubasantaka ta tun kaka da kakanni, saboda haka kullum da safe sai ya ce bawansa ya iso, ni kuma in ce ubangidansa dai. A wurinsa na koyi filashin, wato sauke wa waya sabuwar manhaja daga kwamfuta, na koyi SP Flash Tool da ake yi wa wayoyi masu ƙwaƙwalwar MediaTek aiki da shi, irin yawancin Tecno da Infinix da suka cika hannun mutanenmu. Na kashe wayoyi biyu murus kafin hannuna ya faɗa. Da na dawo gida Sabon Birni da wannan ilimi ba ni da kwamfutar yin aiki, sai wata rana Yaya ya dawo daga tafiya ya ajiye mini laftof ta hannu a kan gado. Na tambaye shi nawa, ya ce albasa ta yi kuɗi bana, in bar tambaya.

Abin da ya fi ba mu wuya a sana'ar shi ne butloda. Ita ce ƙaramar manhajar da ke fara farkawa idan ka kunna waya, tun kafin Android ya tashi. Aikinta irin na sarkin ƙofa ne a birane masu ganuwa irin su Alƙalawa ta da: duk wanda zai shiga sai ya nuna hatimi. Idan manhajar da za ta tashi ba ta ɗauke da sa hannun kamfani, ba za ta wuce ba. Kafin ka yi rutin na zamani dole ka sallami wannan mai gadi. Wasu wayoyin sun bar hanya: ka shiga saiti, ka danna lambar ginin manhaja sau bakwai, wani ɓoyayyen sashe ya fito, ka kunna izinin buɗewa, sannan ka haɗa da kwamfuta. Wasu kamfanonin kuwa sun ja daga. Huawei ya daina ba da lambar buɗewa a 2018. Xiaomi a wancan lokaci sai ya sa ka jira awa 168, mako guda cur. Samsung ya dasa wani abu mai suna Knox, wanda da zarar ka taɓa manhajar asali sai wata 'yar alama ta ƙone a cikin ƙarfen wayar, ba ta kuma komawa har abada. A idona na wancan lokaci duk wannan rainin hankali ne. Ina da magana guda da nake maimaita wa duk wanda ya zauna a bencin shagona: abin da ka saya naka ne, kuma ba a sayar wa mutum akuya a riƙe igiyar.

Har yau ban janye wannan magana gaba ɗaya ba. Amma akwai wani sharaɗi da ke tattare da buɗe butloda wanda na sha gaya wa mutane ba tare da na tsaya na auna shi ba: ranar da ka buɗe ta, wayar za ta share duk abin da ke cikinta. Hotuna, saƙonni, lambobi, komai. An yi haka da gangan, don kada wanda ya tsinci wayarka ko ya ƙwace ta ya bi ta bayan gida ya karanta sirrinka. A wayoyin da, akwai dabara. Zanen kulle yana zaune ne a wani ɗan fayil guda, in ka samu ka shiga ta baya ka goge shi, kowane zane ka ja sai ta buɗe. Na yi wa tsofaffi da yawa haka, suna sa mini albarka. Wayoyin da suka fito da Android 10 zuwa sama sun rufe wannan kafa. Abin da ke cikinsu a murɗe yake, an mai da shi tarkacen lambobi, kuma mabuɗin warware shi ana haɗa shi ne daga abu biyu: zanen mai wayar da wani sirri da ke binne a ƙarfenta. Ko da na kwafe ma'ajiyar wayar Yaya kaf zuwa kwamfutata, abin da zan samu bai fi buhun ƙaiƙayi ba.

Mai karatu zai ce, ai irin waɗannan abubuwa sukan hau intanet da kansu, a nemo su daga can. Haka ne a inda akwai sabis. A farkon Satumban 2021 aka katse layukan waya a jihar Zamfara saboda yaƙi da ɓarayin daji, kafin watan ya ƙare Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sanar da irin wannan mataki a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa. An rufe hanyar Isa zuwa Marnona, an hana sayar da fetur a jarka. Mutanen da ke kusa da iyaka suka koma layukan Nijar, ana hawa tudu ana ɗaga hannu sama ko za a kamo sabis daga ɓangaren Maraɗi. Yaya ya sa layin Nijar a 'yar ƙaramar waya mai tocila, ita yake yawo da ita. Babbar kuwa ta zama littafinsa. Ɗan kasuwa ne mai saye da sayar da albasa da wake tsakanin Isa da Sabon Birni da Shinkafi, kuma ni ne na raba shi da littafin takarda, na nuna masa yadda zai rubuta lissafinsa a waya. Tun daga Satumba babu abin da ya fita daga cikinta zuwa ko'ina.

A watan Nuwamba suka tare motarsu a hanya. Ranar ya bar babbar wayar a wurin mai caji, a kashe. Ina Sakkwato, labari bai iso ni ba sai washegari da yamma, daga bakin wani direba a tasha. Na biyo ta Goronyo na iso na tarar an riga an rufe shi. A wurin jana'iza, kamar yadda aka saba, an yi cigiyar masu binsa bashi, Baffanmu ya miƙe ya ce ya ɗauka, kowa ya zo gida. Suka kuwa zo. Akwai wanda ya zo da kunya ya faɗi ɗan abin da yake bi, akwai wanda ya faɗi adadin da ya sa Baffa ya sunkuyar da kai. Mutum biyu suka kawo magana a kan buhunan albasa guda, kowa na cewa nasa ne. Waɗanda Yaya ke bi kuwa, ba mu ga ko ɗaya ba. Ba a raba gado sai an biya bashi, ga mata cikin takaba da yara uku. Gaskiyar duk wannan tana bayan ɗigo tara.

A daren farko da na zauna da wayar, wani abu ya dawo mini wanda na so in manta. Cikin daminar 2020, 'yan makonni bayan harin da aka kai ƙauyukan Sabon Birni a ƙarshen watan Mayu, inda aka kashe mutane da dama, wani mutum da ban sani ba ya zo shagona da wayoyi uku a aljihun riga. Ya ce, "Ɗan boko, an ce kai ka gyaransu. Masu su sun mance lamba." Biyu an riga an share su, suna tsaye a kan wani shinge da Google ya kafa tun 2015 a Android 5.1: idan aka share waya ta ƙarfi, ba za ta yi aiki ba sai an sa asusun mai ita na asali. Ta ukun ba a taɓa ta ba, a fuskarta akwai hoton jariri cikin hular ulu. Na dubi mutumin, na dubi takalminsa, na dubi yadda bai zauna ba. Na san hanyar tsallake shingen. Na kuma san cewa a ƙasarmu yanzu ƙin yi wa baƙo aiki yana da farashi, yin aikin ma yana da nasa, don kalmar infoma ba ta da wuyar liƙuwa. Na yi masa. Ya biya ba ciniki. Hoton jaririn ya tafi da dannawa ɗaya. Na gaya wa kaina cewa ni makaniki ne, ba alƙali ba.

Ga shi yanzu irin wannan kulle da na karya wa baƙo ya tsaya tsakanina da ɗan'uwana. Da ɓarayin sun samu wannan waya a aljihunsa, shi ne zai hana su ganin sunayen duk wanda ke da kuɗi a hannun Yaya da wanda ya sayar da amfanin gona, bayanin da a wurinsu ya fi wayar daraja. Ya tsare shi daga gare su, ya kuma tsare shi daga uwarsa, da ƙarfi iri ɗaya. Waya ba ta san magaji ba. Ba ta san an yi jana'iza ba.

Na fara gwaji. A kan ɗigo tara ana iya ja zane iri 389,112, amma mutane ba su da yawan dabara, galibi harafin farko na sunansu suke ja, ko wani abu mai kama da kwana. Na gwada harafin sunansa, na matarsa, na garinmu. A kuskure na biyar wayar ta ce in jira daƙiƙa 30. Na ci gaba, jiran ya riƙa tsawo. Na karkata fuskarta a hasken tocila ko zan ga sawun maiƙon yatsa, amma mai caji ya riga ya goge ta da gefen riga don ladabi kafin ya kawo. Na tambayi matarsa ta bayan labule, ta ce ba ta taɓa sa ido ba, ba ta son a ce tana bincike. Wani abokin sana'ata ya ce in kawo ya yi mata filashin, minti goma ta buɗe. Na ce na sani, abin da ke ciki fa? Ya ce ai waya aka ce a buɗe. Baffa ma da ya gaji ya ce ko a sayar da ita a rage wani abu. Kwana tara ina wannan hali, kullum Inna ta dube ni da safe ba ta ce komai ba. Shirun nata ya fi mini tambaya ciwo.

Ranar ta goma ina zaune a tsakar gida bayan la'asar, ina zana ɗigo tara a rairayi da tsinke ina jan layuka, don na daina yarda in ɓata gwaji a kan wayar kanta. Ɗiyar Yaya ta fari, mai shekara shida, ta tsuguna kusa da ni tana kallo. Can ta ce, "Baffa, ba haka Baba ka yi ba."

Na ce, "Yaya shika yi?"

Ta share nawa da tafin hannu, ta dangwala ɗigonta tara, ta ja layi daga ƙasa ta hagu zuwa sama, ta gangaro tsakiya, ta sake hawa, ta sauko. Ta ce idan ya dawo kasuwa yakan ɗora ta a cinya ya buɗe mata bidiyon raƙuma, wani lokaci ya kama yatsanta ya ja da shi. Na sa ta maimaita sau uku a ƙasa, duk iri ɗaya. Sannan na ɗauko wayar, hannuna na rawa, na miƙa mata. Ban yarda da yatsana ba. Ta ja, ta buɗe.

Lissafin yana nan, tsaf, fiye da yadda na zata. Kowane suna da kwanan wata da adadin buhu. Mutumin da ya faɗi babban adadi ashe an biya shi fiye da rabi tun kafin Babbar Sallah, da Baffa ya karanta masa ranar da wurin sai ya ce ya tuna. Buhunan da ake jayayya a kansu na mutum na farko ne. Akwai mutum bakwai da Yaya ke bi, huɗu daga cikinsu sun biya da aka je musu, ɗaya ya riga shi rasuwa, biyu sun yi gudun hijira zuwa wajen Gidan Rumji, Inna ta ce a bar su. Akwai kuma saƙonnin murya da ya ɗauka bai samu sabis ɗin turawa ba. Inna ta saurari ɗaya, inda yake yi wa wani dillali faɗa a kan farashin wake, ta yi dariya har ta share ido, ta ce a kashe.

A can ƙasan jerin na ga wani layi da ya kwaso daga tsohon littafinsa na takarda. Sunan wani Alhaji ne na Isa, a gabansa an rubuta: na kwamfutar Auta. A ƙarƙashi akwai biya kashi-kashi, wani dubu biyar, wani dubu uku, da saura da bai kai ga cikawa ba. Albasa ba ta yi kuɗi ba a waccan shekarar. Wannan bashin ban bari ya shiga lissafin gado ba. Na je Isa da kaina.

Ban bar sana'a ba, kuma ban zama mai wa'azin kamfanoni ba. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace daga hannun mutane kowa ya koma taransifa, manhajar bankina ta ƙi tashi a wayata saboda ta gane an yi mata rutin. Google yana da hanyar da manhajoji ke tambayar waya ko an taɓa ta, da ana kiranta SafetyNet, daga baya Play Integrity ta gaje ta. Mu kuma muna da Magisk, wadda ke ɓoye rutin ɗin, har mai ƙirƙirarta John Wu ya karɓi aiki a Google a 2021, aka cire sashen ɓoyewar daga cikinta. Na kwana biyu ina wasan ɓuya da bankin da kuɗina ke ciki, ga matar Yaya na jiran kuɗin magani. Daga ƙarshe na mayar da manhajar asali, na kulle butlodar da hannuna. Na ji haushi, har yanzu ina ji, don mutumin da ke zaune a wata ƙasa ya yanke hukuncin abin da zan iya yi da abin da na saya, bai kuma san akwai garin da sabis ke ɗaukewa wata da watanni ba. Sai dai yanzu idan na ce abin da ka saya naka ne, nakan tuna da mai jariri cikin hular ulu, wanda shi ma tasa ce.

Abu biyu suka canza a shagona. Duk wanda ya kawo wayar da ya ce an manta lambarta, sai ya faɗa mini abin da ke ciki ko ya zo da wanda na sani, in ba haka ba in ce kwamfutata ta lalace. Ƙarya ce, na sani, amma ita ce ƙaryar da ke barin mutum ya kwana a gidansa. Na biyu, duk wanda na saita wa sabuwar waya, bayan ya ja zanensa, nakan tambaye shi wa ya sani bayan shi. Yawanci sukan yi dariya su ce sirri ai na mutum ɗaya ne. Sai in ba su labarin yarinyar da ta yi zane a rairayi. Wasu su ce Allah ya jiƙan rai su tafi abinsu. Wasu kuwa, musamman direbobi da 'yan kasuwar da ke bin hanyar Isa, sukan yi shiru, su nemi takarda da biro.

Nawa zanen yana cikin wata 'yar takarda a ƙarƙashin filon Inna, inda wayar Yaya ta kwana uku. Ba ta iya karatun boko ba, amma ɗigo tara da layi ba su buƙatar boko. Wayar kuwa tana hannun matarsa, ba mu canza zanen ba. Yarinyar ce har yanzu ke buɗe wa ƙannenta bidiyon raƙuma. Allah ya jiƙan Yaya, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.